Simuleshin ɗin faɗuwar mangwaro: kwamfuta na nuna dameji a ɓawo, wuƙa na nuna shi a ciki, wanne zan kama?

ɗalibi_injiniya ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah waɗanda suka san harkar injiniyancin noma ko makanikal ina neman haske. Furojet ɗina na shekarar ƙarshe akan damejin da 'ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi ke samu ne tun daga tsinka har su kai hannun mai saye, wato faɗuwa da danniya da girgizar mota, kuma malamin dake duba aikin yace baya so in tsaya a jefa mangwaro ƙasa ina yankawa kawai, yanaso in gina shi a kwamfuta da FEM, wato hanyar lissafin da ake yanka abu ƙananan gutsattsari a lissafa ƙarfin da ke kan kowanne, in sake shi daga tsayi daban daban inga inda matsi yake taruwa.

Toh na gina. Na zana siffar mangwaron, na yanka ta ƙanana ƙanana ta zama raga, na bashi nauyin giram 400, na sake shi daga rabin mita akan farantin ƙarfe a sofwayar ANSYS. Lissafin hannu ya bani kusan jul 2 na kuzari, gudun da yake isa ƙasa dashi kuma mita 3.1 a sakan, kwamfutar ma haka ta nuna, har nan babu matsala. Matsalar itace hoton da ya fito jan launin duk a fatar waje yake, daidai inda ya taɓa ƙarfen. Amma mangwaron gaske idan ya faɗi daga wannan tsayin ka duba ɓawon bazaka ga komai ba, lafiya lau, sai washegari ka yanka kaga wani wuri ya yi ruwa ruwa ya fara duhu a can ƙarƙashin ɓawo, tsakaninsa da ƙwallo. Kenan ni da kwamfutar bamu nuna wuri ɗaya ba.

Lambobin taurin tsokar daga wata takarda na ɗauko su, ban auna da kaina ba saboda injin dannawan namu layi ake bi. Kuma gaba ɗaya mangwaron abu ɗaya na ɗauke shi, ban raba ɓawo da tsoka da ƙwallo ba.

Tambayata gaskiya ta wuce gyaran hoto. Shin wannan kwaikwayon na kwamfuta yana iya faɗin gaskiya akan abu mai rai da yake canzawa kullum, ko dai an ɗauko kayan aikin masu gada da jirgin sama ne an ɗora ma mangwaro? Abin ya dameni ne saboda asarar ba ƙarama bace, rahoton FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 yace kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya baya kaiwa ciki, kuma 'ya'yan itace da ganye na cikin waɗanda suka fi shan kashi. Inaso aikin ya zama mai amfani ne ba hoto mai launi ba. Nagode.

Injiniya_Dattijo ya rubuta:

Wa alaikumussalam ɗana. Ka kama wuƙar, amma kar ka jefar da kwamfutar, domin abinda wuƙarka ta nuna maka lissafi ya riga ya faɗe shi tun kafin a ƙera kwamfuta. Heinrich Hertz ya warware lissafin abu mai zagaye idan ya danni wani abu tun wajen 1882, waɗanda suka biyo bayansa suka lissafa abinda ke faruwa a cikin jikin abun, kuma abinda ya fito shine danniyar ta fi yawa a saman fata a tsakiyar inda aka haɗu, eh, amma matsin zamiya, wato wanda ke sa wani sashe na tsoka ya nemi zamewa akan wani, shi kololuwarsa ba a fata take ba, tana ƙasa da fata da kusan rabin radiyos ɗin da'irar da ta taɓa ƙasa. Idan da'irar da mangwaronka ya taɓa ƙarfe da ita tana da radiyos na milimita 15, to ka nemi ɓarna wajen milimita 7 a ciki. Je ka auna zurfin tabon da kake gani, inaga bazai yi nisa da haka ba.

Saboda haka abu na farko ka duba me kace ma sofwayar ta zana maka. Idan danniyar haɗuwa ka zaɓa dole ja ya fito a fata. Ka yanka samfurin biyu a cikin kwamfutar ta tsakiyar inda ya bugu, kace ta nuna matsin zamiya ko na von Mises, wani ma'aunin da ke haɗa matsin kowane ɓangare ya zama lamba ɗaya, a fuskar yankan. Idan har yanzu baka ga jan ya nutse ciki ba to ragarka ta yi gwari a wurin, ƙila gutsure biyu ko uku ne kacal suka rufe wannan milimita 7 ɗin, babu yadda za'ayi su nuna maka kololuwa a tsakani. Ka ƙanƙanta ragar a wurin haɗuwa kaɗai, ka sake gudu, ka ƙara ƙanƙantawa, har sai amsar ta daina motsi. Sauran jikin mangwaron barshi da manyan gutsattsari, ba ruwansa.

Na biyu, mangwaro ba dunƙule ɗaya bane. Ɓawo ya fi tsoka jure ja, yana miƙewa ya dawo, shi yasa yake fita lafiya a bar tsoka da wahala. Ƙwallon kuma mai tauri ne ƙwarai idan aka gwada da tsokar, don haka idan ya faɗi ta gefen faɗinsa tsokar tana shiga tsakanin abu biyu masu tauri ne, ƙasa daga waje ƙwallo daga ciki, kuma a wannan gefen tsokar bata da kauri sosai a wasu iri. Samfurin da babu ƙwallo a ciki bazai taɓa ganin wannan ba. Kashi uku zaka yi, kowanne da lambobinsa.

Bari in baka wani abu da lissafin Hertz ɗin yake bayarwa wanda nake ganin yafi duk hotunan daraja, kuma da biro zaka iya fitar dashi. Kololuwar danniya tana tafiya ne da kuzarin faɗuwa a ƙarfin ɗaya bisa biyar, da taurin haɗuwa a huɗu bisa biyar, da radiyos ɗin lanƙwasar wurin da ya bugu a uku bisa biyar ta juye. Ma'ana idan ka ninka tsayin faɗuwa kololuwar zata ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai, duk da dai faɗin wurin da ya shafa yana ƙaruwa shima, amma idan ya faɗi ta wuri mai tsini wanda radiyos ɗinsa rabin na kumatun ne, sai ta ƙaru da kusan kashi 50. Kaga ta ina ya faɗi ba ƙaramin abu bane. Sannan taurin haɗuwar na ɓangaren da yafi laushi ne yake mulki. A ma'aunin tauri, inda GPa ɗaya yake daidai da MPa dubu, ƙarfe yana wajen GPa 200, katako wajen GPa 10, tsokar ɗan itace kuwa 'yan MPa ne ko ƙasa da haka, sau dubbai ke tsakaninsu, don haka wanda ya cire farantin ƙarfe ya sa na katako yana ganin ya tausaya ma mangwaro kusan babu abinda ya canza. Sai ka sa abinda laushinsa ya kusanci na tsokar ko ya fi, irin soso mai kaurin da bazai lotse har ƙasa ba, sannan zaka ga bambanci.

Akan tambayarka ta gada da jirgi, gaskiya ne daga can aka fara, injiniyoyin jirgin sama ne a shekarun 1950, Ray Clough kuma ya raɗa ma hanyar sunanta a 1960. Hanyar bata damu da ƙarfe ko tsoka ba, ita lissafin ƙarfi da motsi take yi. Inda ake samun matsala shine dokar da ka bata ta yadda abun yake lotsewa da inda yake karyewa. Ma'aunin von Mises don ƙarfe mai miƙewa aka yi shi, ana aro shi ne ga 'ya'yan itace saboda sauƙi, ka rubuta haka a aikinka ƙarara kar ka ɓoye.

Malama_BayanGirbi ta rubuta:

Baba Injiniya ya gama da ɓangaren lissafi, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta ɓangaren ɗan itacen zan shigo saboda akwai jimla ɗaya a rubutunka ƙanena da ta tsaya min, inda kace lambobin daga wata takarda ka ɗauko. Wace irin mangwaro suka auna? Tommy Atkins ne ko Kent ko Keitt ko Alphonso? Kwana nawa da tsinka? A wane zafi? Da wane gudu injin ya danna? Idan baka da amsar waɗannan to lambar ba taka bace, ta wani mangwaro ce a wata rana.

Mangwaro da ayaba da gwanda da fiya da gwaiba duk suna cikin masu ci gaba da nuna bayan an tsinke, numfashinsu na hawa, suna fitar da iskar etilin, sitaci na komawa suga, sannan enzayim suna narkar da fektin ɗin da ya manne sel da sel. Cikin 'yan kwanaki taurin tsokar zai iya faɗuwa ninki da yawa. Kuma ba laushi kawai take yi ba, yadda take lalacewa ma canzawa yake. A ɗanye sel suna manne gam kuma a cike suke da ruwa kamar balan balan da aka hura sosai, idan bugu ya zo bangon sel ɗin ne ke fashewa. A nunanne mannin ya saki, sai su zame akan juna, tsokar ta zama ruwa ruwa. Doka ɗaya bazata ɗauki duka biyun ba. Abarba kuma bata cikin wannan rukunin, bata ƙara zaƙi bayan tsinka, amma tana da nata halin, wadda tsokarta ta jiƙe ta yi garau tafi saurin buguwa, kuma raunin ƙofa ce ga naman gwarin dake kawo baƙin ruɓa.

Abu na biyu da nakeso ka riƙe, kwamfutarka tana lissafa abinda ya faru ne cikin 'yan milisakan, kai kuma abinda kake gani da wuƙa sakamakon awanni ne. Lokacin da sel ya fashe, sinadaran fenol da suke ajiye a wani ɗaki na sel suna haɗuwa da enzayim ɗin PPO da iskar oksijin, shine launin ƙasa ƙasa yake fitowa a hankali. Shi yasa masu wannan aikin yawanci suke ajiye ɗan itacen kamar awa 24 a zafi tsayayye kafin su yanka. Idan ka yanka wasu bayan awa biyu wasu washegari, girman tabon zai bambanta ba don bugun ya bambanta ba. Kuma ba kowace tsoka ke yin duhu sosai ba, a mangwaro wani lokacin wurin fari fari zai yi ko ya yi 'yan ramuka saboda sitacin wurin ya kasa juyewa, sauran ya nuna ya barshi. Idan duhu kaɗai kake nema zaka ƙirga wannan a matsayin lafiyayye alhali ya bugu.

A kula kuma da abubuwan da suke kama da bugu amma ba bugu bane. Alphonso na da wata matsala ta tsoka mai kama da soso da take tasowa daga ciki, wasu iri kuma tsokar gefen ƙwallo ke narkewa ta zama kamar jeli, ƙonewar ƙaro a ɓawo ma daban take, haka lahanin sanyi idan an ajiye ayaba ƙasa da digiri 13. Dole ka ajiye wasu mangwaron da baka jefar ba ko kaɗan, daga tsinka ɗaya, ka yanka su tare da sauran, in ba haka ba zaka ɗora ma faɗuwa laifin da ba nata ba.

Shawarata ka bi layin injin nan komai tsawonsa. Ka ciro tsokar da abin huda ta fito kamar ɗan silinda, ka danna a hankali ka samu layin ƙarfi da lotsawa, zaka ga wani wuri da layin yake ɗan karyewa kafin ya ci gaba, nan ne sel suka fara fashewa duk da ido baya gani, wannan itace iyakar da zaka ba kwamfutar. Akwai ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka mai lamba ASAE S368 ta danna kayan abinci masu zagaye, ka nemeta. Ka danna ka tsayar kuma, ka kalli yadda ƙarfin yake sauka da kansa, saboda tsokar tana da halin roba da na ruwa mai kauri a haɗe, bugu mai sauri da danniya ta kwana uku a ƙasan kwali ba amsa ɗaya take basu ba. Kayi wannan a matakin nuna aƙalla uku. Wallahi ko simuleshin ɗin bai kammala ba wannan teburin kaɗai aiki ne da wani zai amfana dashi.

MaiKwali ya rubuta:

Malamai sannunku da ƙoƙari, ni ba mai boko sosai bane a wannan fannin, a wurin tantancewa da shirya kaya a kwali nake aiki, kuma zan faɗi abinda nake gani ko da zai ɗan saɓa. Duk maganar nan akan mangwaro ɗaya ne ya faɗi sau ɗaya akan faranti mai santsi. Mu kuwa abinda ke cinye mana kaya ba shi bane yawanci. Ɗan itace yana gangarowa daga bel zuwa bel ya ɗan faɗi santimita goma, ya bugi ɗan uwansa, ya bugi gefen ƙarfe, a juye shi a kiret, kowanne ƙarami ne amma sun taru, sannan a loda a mota ya yi awanni yana karkarwa. Kwalayen sama da na bayan mota su suka fi shan girgiza, idan jijjigar ta kai yadda ɗan itacen ke ɗan tashi daga mazauninsa to juyawa zai dinga yi yana gogar kwali da na kusa dashi. Na ƙasa kuma nauyi ne ke kansu, kuma kwali idan ya sha danshin ɗakin sanyi ƙarfinsa na iya raguwa kusan rabi, sai ya lotsa kayan ciki su ɗauki lodin da kwalin ya kamata ya ɗauka.

Ayaba ce tafi bani haushi a wannan. Tana kore shar zaka ga babu komai, an goge ta ko bakin wata ya soki bayan wata, sai an nunar da ita ta yi rawaya sannan baƙin layi ya fito kowa ya gani. Gwanda ma haka, inda aka goge ta tana ɗanya sai wurin ya ƙi yin launi ya zauna kore a lotse. Wannan gogewar fata ce ba bugu ba, shin kwamfutar taku tana ganinta?

Abinda na gani da idona yana aiki shine wata ƙwallo ta roba mai na'ura a ciki, girman ɗan itace, ana sakata a layi ta bi duk inda kaya ke bi tana rubuta duk bugun da ta sha da lokacinsa. Ana gamawa a duba a ce ga mahaɗa ta kaza nan ne bugu yafi yawa, a sa labule ko soso ko a rage tsayin, a sake sakata a gani. Toh ina tambaya tsakani da Allah, me simuleshin zai ƙara min akan wannan?

Dan_Lissafi ya rubuta:

Yallabai MaiKwali tambayarka tana kan hanya kuma ba saɓani bane, kai ka kawo rabin da ya ɓace. Ƙwallon nan mai na'ura tana gaya maka bugu nawa ne kuma a ina, a layin da yake akwai. Bata gaya maka ko wannan bugun ya isa ya lalata gwanda mai kwana biyu da fara nuna, sai an haɗa da gwajin ɗan itacen, kuma bazata iya bin layin da ba'a ƙera ba tukuna ko kwalin da yake kan takarda. Nan kwamfuta take shigowa, ka gwada kaurin soso kala goma da tsayin mahaɗa kala biyar kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ka zaɓi biyu mafi kyau ka gwada su da kaya na gaske.

Maganar 'ya'ya da yawa kuma akwai hanyarta daban, DEM, wadda Cundall da Strack suka fitar a 1979 don duwatsu da ƙasa. Ita bata yanka kowane ɗan itace raga, tana ɗaukar kowanne a matsayin dunƙule ɗaya ko ƙwallaye da aka manne su bada siffar, tana bin motsin ɗaruruwansu a kiret ko akan bel tana lissafa ƙarfin kowace haɗuwa. Masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun yi amfani da ita akan tuffa a cikin akwati lokacin girgizar mota. Sai a ɗauki rikodin girgiza na gaske daga na'urar da aka ɗaura a mota a ba ƙasan akwatin. Raunin ta shine bata ganin cikin tsoka, shi yasa ake haɗa su, DEM ta faɗi ƙarfin bugun da kowanne ya sha, FEM ko gwajin hannu ya faɗi wane ƙarfi ne yake zama tabo. Ayaba ce mai wahala a nan saboda lanƙwasarta da yadda take a nono ba ɗaiɗai ba.

Gogewar fata kuwa gaskiyarka, nan samfuran suna da rauni sosai. Ana iya lissafa yawan zamewa da ƙarfin gogayya a ce wuri kaza yafi haɗari, amma daga nan zuwa cewa ga baƙin layin da zai fito bayan an nunar, wannan sai gwaji.

Ɗalibi, kai kuma ga 'yan abubuwa na aiki. Faɗuwa da lissafin explicit ake yinta, wato wanda ke bin motsin a ƙananan tazarar lokaci ɗaya bayan ɗaya, kuma tazarar lokacinsa tana bin gutsure mafi ƙanƙanta a ragar, gutsure ɗaya maras kyau zai iya sa aikin awa ɗaya ya kwana. Kar ka bari mangwaron ya taho tun daga rabin mita a cikin kwamfuta, ka ajiye shi dab da farantin ka bashi gudun mita 3.1 ɗin. Tsoka mai ruwa bata cika matsuwa ta rage girma ba, lambar Poisson ɗinta, wato yadda take buɗewa ta gefe idan an danna ta, na iya kusantar 0.5, kuma gutsattsari masu kusurwa huɗu na matakin farko suna ƙagewa a irin wannan su nuna tauri na ƙarya, ka ɗauki na mataki na biyu ko masu kusurwa takwas. Siffa kuma ba sai ka zana da hannu ba, ka ɗauki hotuna ta kowane gefe da waya ka haɗa su su zama siffa a sofwayar Meshroom, ka gyara a ta Blender, ƙwallon ma ka wanke shi ka yi masa haka. Idan lasisin ɗalibai ya takura ka da iyakar raga akwai wasu sofwayar, akwai OpenRadioss da aka saki kyauta a 2022, akwai FEBio da aka yi shi musamman don tsokar halitta, DEM kuma akwai YADE da LIGGGHTS.

ɗalibi_injiniya ya rubuta:

Allah ya saka muku da alkhairi baki ɗaya. Baba na yanka samfurin na duba matsin zamiya bayan na ƙanƙanta ragar, jan ya koma ciki kamar yadda kace. Malama na sa sunana a layin injin, kuma zan ware waɗanda ba'a jefar ba. Abinda ya rage min, ta yaya zan nuna ma masu duba aikin cewa samfurin yayi daidai, tunda ko mangwaro biyu daga reshe ɗaya basa bada tabo iri ɗaya? Idan kwamfuta tace tabon zai kai kaza na yanka naga ya fi ko bai kai ba, a ina zan ce ta ci a ina zan ce ta faɗi?

Injiniya_Dattijo ya rubuta:

Kar ka fara da tabo ɗana, tabo shine na ƙarshe. Ka fara da abubuwan da ake aunawa a lokacin bugun kansa. Ka shafa ma farantin alli ko ka sa takardar kabon akan farar takarda, mangwaron zai bar maka shaidar faɗin wurin da ya taɓa, ka gwada da na kwamfuta. Ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya da ruler a bayansa kaga tsayin da ya yi tsalle ya dawo, idan ka raba wannan da tsayin farko ka samu kason kuzarin da ya dawo, ragowar shine tsokar ta shanye, kuma shi ke yin ɓarnar. Samfurin da yake na roba zalla zai yi tsalle kusan har inda ya fito, mangwaron gaske bazai yi ba, idan naka yayi haka kasan dokar tsokar bata cika ba. Idan akwai na'urar auna ƙarfi a ƙarƙashin farantin ka gwada kololuwar ƙarfi da tsawon lokacin haɗuwa. Sai waɗannan sun zo kusa sannan ka je ga tabo, ka auna faɗinsa da zurfinsa ka fitar da girmansa, ka raba da kuzarin da aka shanye, wannan shine ma'aunin saurin buguwa da ake rubutawa a milimita kubik bisa jul. Kuma don ya faɗi ta gefen da kake so kowane lokaci, ka ɗaure shi da zare ka sake shi kamar lilo ya bugi farantin a tsaye, ka cafe shi kafin ya sake bugawa.

Bambancin dake tsakanin mangwaro da mangwaro kuwa kar ka ɓoye shi, ka shigar dashi. Tunda zaka auna da yawa, zaka samu mafi tauri da mafi laushi da matsakaici a kowane matakin nuna, ka gudu da duka ukun, sai kwamfutar ta baka tazara maimakon lamba ɗaya, ka zana ɗigon gwajinka akai a gani ko sun faɗa ciki. Kuma ka raba gwajin gida biyu tun farko, kashi ɗaya ka daidaita samfurin dashi, ɗayan ka kulle shi kar ka taɓa sai ka gama, misali ka daidaita da faɗuwar santimita 30 akan ƙarfe sannan kace ta faɗi abinda zai faru a santimita 60 da kuma akan soso. Idan ta jera su daidai, tace wannan yafi wannan ɓarna kuma wuƙa ta yarda, kuma ta kusanci tsayin da tabo ke fara fitowa a kowane matakin nuna, to MaiKwali zai iya ɗaukar wannan tsayin ya je ya auna mahaɗun layinsa da tef.

MaiKwali ya rubuta:

Wannan ɗin nake so, tsayin da tabo ke farawa a ɗanye da wanda ya fara nuna, da kaurin soson da zai hana. Ɗalibi idan ka samu ka dawo nan ka ajiye mana, kuma in da hali ka haɗa da bugun mangwaro akan mangwaro ba akan faranti kaɗai ba, domin a layi shi yafi yawa kuma duka biyun ne suke buguwa.